Sunayen Latin Sun Yi Mini Yawa: Amsa ga Ɗalibar Ilimin Ƙananan Halittu

Tambayar ita ce: "Malam, na shiga aji biyu a jami'a, kuma a wannan zangon muka fara kwas ɗin maikurobayoloji. Sunayen Latin sun yi mini yawa, in na haddace yau gobe sun gudu. A ɗakin gwaji mun yi yawa, da ƙyar nake samun leƙa madubin ƙara girman ƙananan halittu. Asali ma likitanci na nema aka ba ni wannan. Ta ina zan kama shi?"

'Yata, Allah ya yi wa karatu albarka. Sunayen suna gudu ne saboda kina ajiye su a kanki ba tare da abin da za su jingina da shi ba. Kwas ɗin farko na wannan fanni matsala ɗaya ya tsaya a kanta: halittar da ake magana a kanta ido ba ya ganinta. Tsawon Escherichia coli, wata bakteriya da ke zaune a hanji, kusan maikuromita 2 ne, wato in kika raba milimita ɗaya gida 1000, gida biyu daga ciki. Don haka duk abin da malami ya faɗa a aji, sai da wani ya yi wata dabara kafin a san shi. Ina so ki riƙa yi wa kowane layi na littafin rubutunki tambaya biyu: ta yaya aka sani, kuma me ya jawo? Layin da ya amsa su zai zauna. Wanda kika kasa amsa masa, shi za ki kai wa malami ko ki buɗe babban littafi a kansa, maimakon ki ƙara maimaita shi.

Babin tarihi ɗalibai suka fi yi wa riƙon sakainar kashi, suna haddace suna da shekara su wuce, alhali a cikinsa aka zuba dukan dabarun da za ki yi aiki da su. Antonie van Leeuwenhoek ɗan kasuwar tufafi ne a garin Delft na ƙasar Holan, yana haɗa ƙananan gilasai da hannunsa. A 1676 ya rubuta wa ƙungiyar masana ta Landan cewa ya ga halittu suna motsi a ruwan da ya jiƙa masoro, a 1683 kuma ya gan su a dattin haƙori. Amma sai a 1876 Robert Koch ya nuna cewa bakteriya guda ce ke jawo ciwon saifa na dabbobi. Shekara 200 ke nan tsakanin gani da tabbatarwa. Ki tambayi kanki me ya cinye waɗannan shekaru. Na farko, mutane sun ɗauka ƙananan halittu daga ruɓaɓɓen abu suke tsirowa da kansu. Louis Pasteur ya rushe wannan a kusan 1860 da kwalba mai dogon wuya a lanƙwashe: ya tafasa romo a ciki, iska tana shiga amma ƙura tana maƙalewa a lanƙwasar, romon ya zauna bai lalace ba, da ya karya wuyan sai ya lalace. Na biyu, ba a iya ware jinsi ɗaya daga sauran ba. In kika ɗebo majina ko ruwan kwata, jinsuna ne birjik a cakuɗe, to wanne za ki ɗora wa laifi?

Nan ne farantin da kike gani a ɗakin gwaji ya samo asali. Wajen neman daskararren abin da zai raini bakteriya a kansa, Koch ya gwada yankan dankalin turawa, ya gwada jelatin, amma jelatin yana narkewa a zafin jikin mutum, wasu bakteriya kuma suna cinye shi. Fanny Hesse, matar wani mai aiki tare da Koch, ita ta ba da shawarar aga, wanda ake samu daga ciyawar teku. Aga ba ya narkewa sai zafi ya kai kusan digiri 85, ba ya sake daskarewa sai ya sauko kusan 40, kuma yawancin bakteriya ba sa cin sa. A 1887 Julius Petri ya kawo faranti mai murfi. In aka shafa samfur a kan daskararren abinci ana jan sa har ya sirance, ƙwaya ɗaya za ta faɗi ita kaɗai, ta rarrabu a wurin har ta zama ɗigon da ido ke gani, wanda muke kira koloni. Dalilin jan layi a faranti ke nan. Wanda ya gane haka ba zai manta ƙona siririn ƙarfen da yake jan layin da shi tsakanin kusurwa da kusurwa ba, domin ya san rage yawan ƙwayoyin yake yi.

Sharuɗɗan Koch guda huɗu ma ba sai kin haddace su ba in kin ɗauke su a matsayin hujjar da za a kafa: a sami ƙwayar a jikin mara lafiya, a ware ta a raina ta ita kaɗai, a sa wa lafiyayyar dabba ta kamu da irin ciwon, a sake ciro ƙwayar daga jikinta. Inda ake samun maki shi ne inda sharuɗɗan suka gaza. Ƙwayar kuturta, Mycobacterium leprae, ba ta tsira a faranti. Bairas ba ya hayayyafa sai a cikin rayayyen sel, wato ƙwayar halitta. Akwai kuma mutane lafiyayyu da ke ɗauke da ƙwayar sanƙarau a maƙogwaronsu ba ta yi musu komai ba.

Yanzu ga wurin da nake so ki fi daɗewa: bangon sel na bakteriya. In kin riƙe wannan babi, rabin kwas ɗin zai biyo ki. Ki ɗauki farar takarda ki zana sel ɗaya ba tare da kallon littafi ba, ki sa tantanin ciki, bango, raibosom (inda ake haɗa furotin), DNA da ba shi da jakar da ta kewaye shi, filasmid (ɗan ƙaramin zoben DNA na daban), bulalar iyo, da kwanson waje a wurin masu shi. Ki yi ta zanawa kullum har hannunki ya saba. Bangon an saƙa shi da wani sinadari mai suna feftidogilaikan, wanda babu shi a jikin mutum ko dabba ko tsiro. A wasu bakteriya yana da kauri, hawa a kan hawa. A wasu siriri ne, amma an lulluɓe shi da wani tantani na biyu mai maiƙo daga waje.

Wannan bambanci shi rinin Gram yake fallasawa. Hans Christian Gram, likita ɗan Denmak, ya fito da shi a 1884. Kin shafa samfur a gilashi, ya bushe, kin gifta shi a kan wuta don ya manne. Kin zuba kiristal bayolet, dukan sel sun zama shunayya. Kin zuba aidin, ya haɗe da launin suka zama dunƙule babba a cikin sel. Sai alkohol. A bango mai kauri, alkohol yana tsotse ruwa, saƙar ta tsuke, launin ya rasa hanyar fita. A ɗaya ɓangaren yana narkar da tantanin maiƙon, siririn bangon ya kasa riƙe komai, launin ya zube. A ƙarshe safaranin ya shafa wa waɗanda suka koma farare ruwan hoda don a gan su. Shunayya ita ce Giram-fozitif, ruwan hoda Giram-negatif. Kamar aikin marina ne: shiga rini kowa ya shiga, a wajen ɗauraya ake sanin wanda ya kama. Saboda haka matakin alkohol shi ne mai yanke hukunci, kuma daƙiƙu kaɗan ne. In kin bar shi ya daɗe, har masu kaurin bango za su saki launi su fito ruwan hoda. In shafinki ya yi kauri, alkohol ba zai ratsa ba, masu siririn bango su fito shunayya. In koloni ya kwana biyu ya tsufa, bangonsa ya fara lalacewa, sakamakon zai cakuɗe. Malami yana iya tambayar me zai faru in an manta aidin, ko an manta safaranin. Wanda ya haddace jerin matakai huɗu zai tsaya cak. Ke da kika san aikin kowane mataki za ki fitar da amsar da kanki a ɗakin jarrabawa.

Daga bangon nan ki wuce kai tsaye zuwa babin magunguna, ko da ba a zo kansa a aji ba. Fenisilin, wanda Alexander Fleming ya lura da shi a 1928 lokacin da funfuna ta faɗa farantinsa a Landan, yana hana bakteriya ɗinke saƙar bangonta yayin da take girma, sai ruwa ya shige ta ta fashe. Mu ba mu da wannan bango, shi ya sa maganin ke kashe ta ya bar mu. Mycoplasma ba ta da bango ko kaɗan, don haka fenisilin ba ya taɓa ta. Tetarasaikilin da jentamaisin raibosom suke kamawa, kuma raibosom na bakteriya, 70S, ya bambanta da namu, 80S. Bairas ba shi da bango, ba shi da raibosom nasa, to me kafso zai kama a jikinsa? Dalilin da ya sa shan amfisilin don mura asarar kuɗi ne ke nan, kuma yana da illa. Ƙwayar tarin fuka, wadda Koch ya bayyana ranar 24 ga Maris 1882, bangonta cike yake da wani kitse mai kama da kakin zuma. Rinin Gram ba ya shigarta sosai, sai a yi mata rinin Ziehl-Neelsen da zafi, in launin ya shiga ko asid ba ya fitar da shi. Girmanta ma a hankali yake: E. coli tana rabuwa biyu cikin minti 20 in ta sami yadda take so, ita kuwa sai ta yi awa 15 zuwa 20. Shi ya sa rainonta a ɗakin gwaji ke ɗaukar makonni, maganinta kuma wata 6.

A kan bijirewar ƙwayoyi ga magani akwai kuskuren da nake gani a takardun ɗalibai kowace shekara, suna rubuta cewa jikin mutum ne ya saba da maganin, ko bakteriya ta koyi guje masa. Abin da ke faruwa shi ne, a cikin miliyoyin ƙwayoyi akwai 'yan kaɗan da tun asali suke da wani canji a DNA, ko suka karɓi filasmid daga maƙwabciyarsu. Magani ya kashe masu rauni, ya bar wa waɗannan fili su hayayyafa. Fleming da kansa ya yi gargaɗi a kan shan maganin da bai kai ƙima ba a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel a 1945. Duk wanda ya shiga kemis ya sayi kafso huɗu ya sha ya daina da ya ji sauƙi, wannan zaɓen yake yi a cikin hanjinsa. Abin yana damuna ƙwarai, domin a asibitocinmu ana ganin ciwon fitsari da na jinin jarirai da magungunan da muka saba da su ba sa jin su.

Babi na gaba da ke buɗe ƙofofi da yawa shi ne na endosifo. Jinsin Bacillus da Clostridium, in rayuwa ta yi musu tsanani, suna naɗe DNA ɗinsu a busasshen ƙunshi mai tauri wanda zai iya zama shekaru a ƙasa, shi ne endosifo. Tafasa ruwa a digiri 100 yana kashe sel mai rai amma ba ya tabbatar da mutuwar wannan ƙunshi. Saboda shi aka ƙera otokilef, tukunyar da ke matse tururi har ya kai digiri 121, a bar kaya minti 15. Busasshen zafi bai kai tururi ratsawa ba, don haka tanda sai digiri 160 na awa 2. Ki bambance kalmomin nan da kyau, domin ana yawan tambayarsu: kashe komai da komai har da endosifo daban, rage ƙwayoyi a kan tebur da kayan aiki daban, abin da ake shafawa a fata daban, ɗumama madara a digiri 72 na daƙiƙa 15 don kashe masu sa cuta shi ma daban. Alkohol mai kashi 70 ya fi tsantsarsa kisa, saboda ruwan da ke ciki yana taimaka masa ya ratsa ya lalata furotin, kuma ba ya saurin tashi.

Ki dubi daddawa da wannan idon. Ana dafa kalwa awoyi masu yawa, a sussuke, a sake dafawa, a rufe ta da ɗuminta kwana biyu zuwa uku. Wa zai tsira daga wannan dahuwa ya kuma fara aiki da wuri? Mai endosifo. Shi ya sa Bacillus subtilis da danginsa ne ke yin daddawa, suna farfasa furotin, ammoniya ta tashi, ƙamshin da kika sani ya fito. Ɗan'uwansu a wannan dabarar, Clostridium tetani, yana kwance a ƙasa da kashin dabbobi, ba ya son iskar oksijin, sai ya sami rauni mai zurfi ko cibiyar jariri da aka yanka da reza mara tsabta ya farka ya saki dafinsa. Abu ɗaya ya bayyana miki otokilef da daddawa da allurar tetanus da ake yi wa mata masu ciki.

Lissafi ba shi da yawa a kwas ɗin, amma makinsa tabbatacce ne, kada ki guje shi. Sel ɗaya mai rabuwa kowane minti 20, cikin awa 8 ya rabu sau 24, wato ya yi ta ninkuwa biyu-biyu har sau 24, ya ba da 16,777,216. Ki tuna da wannan in kin ga shinkafar biki da aka dafa da asuba aka bar ta a kula har la'asar. A zahiri girman ba ya ɗorewa haka, shi ya sa zanen girma yake da zango huɗu: na sabawa da wuri, na ninkawa, na tsayawa lokacin da abinci ya ragu dattin da suka fitar ya taru, sai na mutuwa. Lissafi na biyu shi ne na sirkawa. Mililita 1 a cikin mililita 9 ya sirku sau 10. In kin maimaita sau huɗu ya sirku sau 10,000. Kika shafa mililita 0.1 daga kwalba ta huɗu a faranti, washegari kika ƙirga koloni 85. Ki ninka 85 da 10,000, ki raba da 0.1, ki sami 8,500,000 a kowace mililita ta samfurin asali. Wurin da ake faɗuwa shi ne manta wannan 0.1. Farantin da ke da koloni tsakanin 30 da 300 ake ƙirgawa, domin ƙasa da haka sa'a ta yi yawa a ciki, sama da haka sun hau kan juna. Ki yi irin wannan lissafi guda goma da hannunki kafin jarrabawa.

Babin yadda suke samun kuzari yana tsorata mutane da kibiyoyi da sunayen sinadarai. A wannan matakin ki riƙe me ya shiga, me ya fita, ATP (sinadarin da sel ke ajiye kuzari a ciki) nawa aka samu, wa ya karɓi ilektoron a ƙarshe. In oksijin ne, an sami sama da 30 daga sukari ɗaya. In babu, aka tsaya a tsimawa, 2 kacal, sauran kuzarin yana cikin asid ko alkohol da aka zubar. Asid ɗin nan shi ke sa madara ta yi tsami ta kama ta zama kindirmo, bayan an zuba mata ɗan nonon jiya mai ɗauke da Lactobacillus da danginsa. Iskar da yis ke fitarwa ita ke tayar da ƙullun burodi da na waina.

To, sunayen fa? Ba a bukatar ki san ɗaruruwa a wannan zangon. Ki zaɓi kamar 20 da malaminku ya fi ambata, ki ba kowanne ƙaramar takarda: siffarsa, launinsa a rinin Gram, yana son oksijin ko ba ya so, ina yake zaune, me yake jawowa ko yake amfanarwa, da wane gwaji ake gane shi. Ki fara da waɗanda kika san aikinsu tun kina yarinya. Neisseria meningitidis, ƙwayoyi bibbiyu masu ruwan hoda a rinin Gram da ake gani a ruwan lakar ƙashin baya, ita ce ta sanƙarau da ke tashi da rani a yankin da ya miƙe daga Senegal zuwa Habasha, ita ta yi mummunar ɓarna a arewacin Najeriya a 1996. Kwansonta na waje iri-iri ne, da shi aka raba ta rukuni-rukuni. Allurar da aka fara a 2010 rukunin A ta tare, shi ya sa rukunin C ya iya tashi a Yamai a 2015, da Zamfara da Sakkwato a 2017. Corynebacterium diphtheriae ita ce ta mashaƙon da ya addabi Kano a 2023, kuma umarnin haɗa dafinta wani bairas mai kama bakteriya ne ke kawo mata shi. Vibrio cholerae ta amai da gudawa ba ta shiga jini, dafinta ke sa hanji ya yi ta zubar da ruwa da gishiri, saboda haka ruwan gishiri da sukari ke ceton rai. Salmonella Typhi ta taifot, wadda rainon jini ke tabbatarwa, domin gwajin Widal guda ɗaya martanin jiki kawai yake nunawa, kuma yana iya tashi a jikin wanda ba taifot ke damunsa ba. Kada ki bar masu amfani a baya: bakteriyar da ke zaune a ƙulluttukan saiwar wake da gyaɗa tana kamo naitirojin daga iska ta ƙara wa gona ƙarfi. Aspergillus flavus kuwa funfuna ce da ke zuba gubar aflatoksin a gyaɗa da masarar da aka adana da danshi, gubar da ke taɓa hanta. Wajen rubutawa, sunan farko da babban baƙi, na biyu da ƙarami, ki ja layi a ƙarƙashin kowanne. Ana cire maki a kan wannan, kuma daidai ne a cire.

Cunkoson ɗakin gwaji gaskiya ne, ba zan ce miki babu shi ba. Amma wannan ilimi a hannu yake zama, don haka sai kin nemi hanya. Ki karanta gwajin ranar tun daren jiya, ki zo da wuri. Ki je wurin ma'aikatan ɗakin, waɗanda ke dafa aga su zuba faranti kafin ku iso, ki gaishe su da ladabi ki nemi izinin taya su aiki a lokacin da ba ki da lacca. Yawancinsu suna murna da ɗalibin da ya nuna yana so, kuma a wurinsu za ki ga yadda ake auna garin aga, a ɗaure kwalba, a kunna otokilef, abubuwan da ba a nunawa a cikin taro. In kin sami madubi, ki fara da ƙaramin gilashi mai ninki 10, ki nemo shafin, sannan ki hau. Gilashin 100 ba ya aiki sai da ɗigon mai, domin man yana hana haske karkacewa tsakanin gilasan biyu, shi da na ido suka ba da ninki 1000. A wannan matakin da ƙaramin majuyi kaɗai ake gyara gani, in ba haka ba za ki fasa gilashin samfur. Ki zana abin da kika gani da idonki, ko da bai yi kyan na littafi ba. In farantinku ya gurɓace, ko wuta ta ɗauke na'urar ɗumi ta huce cikin dare, ki rubuta haka a rahoto ki faɗi dalilin da kike zato. Kada ki kwafi sakamakon da ya kamata a samu. Wata rana sakamakon da kika sa wa hannu shi zai sa a saki ruwan sha a kasuwa ko a hana.

Ki kula da kanki a ciki. Ki sa ɗan ƙaramin hijabi na auduga ki cusa shi cikin farar riga, domin harshen wutar Bunsen ba ya ganuwa sosai da rana, alkohol kuma yana kusa. Ba ci, ba sha, ba jan ruwa da baki a bututu, kada waya ta hau tebur. Suna da kwanan wata a gindin faranti ake rubutawa, tunda murfi yana iya musanyuwa, kuma a kife ake ajiye shi don kada raɓar murfi ta ɗiga ta haɗe koloni. Ki ɗauki kowane faranti da ya tsira a matsayin mai cutarwa, ki wanke hannu da sabulu kafin ki fita.

Maganar likitanci na ji ta, kuma ba ke kaɗai ba ce a ajinku. Gara ki san gaskiya tun yanzu: digirin maikurobayoloji ba ya ba da lasisin aikin gwajin asibiti a Najeriya, wannan na masu digirin kimiyyar gwaje-gwajen lafiya ne da hukumarsu ta yi wa rajista. Hanyoyinki su ne kamfanonin abinci da ruwa da magunguna, hukumomi irin NAFDAC da NCDC mai yaƙi da yaɗuwar cututtuka, cibiyoyin bincike irin ta lafiyar dabbobi da ke Vom, aikin noma da muhalli, da koyarwa bayan digiri na biyu. In har zuciyarki tana kan likitanci, ko neman canjin sashe ko sake shiga bayan kin gama, duka da sakamako mai kyau ake neman su. Ta kowace hanya, amfaninki yana cikin riƙe wannan kwas da hannu biyu.

Wajen tsara karatu, takardun da malami ya raba suna nuna miki iyakar abin da za a tambaya, amma a taƙaice suke, ba sa kawo dalili. Ki ari babban littafi ɗaya daga laburare, ko ki sauke ɗaya daga cikin na kyauta da ke intanet, ki karanta babin a ranar da aka yi laccarsa. Ki rufe littafin ki bayyana wa ƙawarki da Hausa, inda harshenki ya sarƙe nan ne ba ki gane ba tukuna. Tambayoyin shekarun baya ki fara su tun tsakiyar zango, kina rubuta amsa da biro kina duba agogo. In aka ce ki bambanta abu biyu, ki ja tebur ki jera su gefe da gefe. In aka ce ki bayyana gwaji, ki faɗi aikin kowane mataki, ki sa zane mai suna a jiki. A wannan makon ki fara da zanen bangon sel guda biyu, na Giram-fozitif da na Giram-negatif, ki bi matakan rini huɗu a kansu kina rubuta launin kowanne bayan kowane mataki, sannan ki cire mataki ɗaya ki fitar da abin da za a gani a madubi.